Duwatsun Jira

Odilon na tsaka da ba maƙwabcinsa Firmin miya, sai injin yankan dutse ya tashi a waje. Firmin ya ture cokalin.

"Ka ji? Régis ne. Yaron ya fara!"

"Sha miyarka, tsohon banza, kafin ta huce."

"Kai ne tsohon banza. Leƙa ka gano mini."

Odilon ya ajiye kwanon ya fita. Ya san abin da tsohon ke ɗoki. Shekarar da aka haifi ɗansa Régis, Firmin ya gina gidan nan da hannunsa, amma bai daidaita ƙarshen bangon gabas ba. Ya bar dogayen duwatsu sun turo kai, tun daga ƙasa har rufi, kamar haƙoran matsefi. Duwatsun jira ke nan: in ɗa ya girma ya sarƙa nasa ginin a jikinsu, gida biyu su zama ɗaya. Régis ya girma, ya tafi birnin Toulouse. Duk hutu sai ya zo ya dafa su ya ce, "Baɗi, Baba." Da likita ya ce a mai da tsohon gida kawai, a gaban Odilon Régis ya yi alkawarin zai sa harsashi satin nan.

Ga shi kuwa a kan tsani, ya yi fari fat da ƙura. Rabin duwatsun na zube cikin ciyawa.

"Kai! Me zan gani haka?"

Régis ya kashe injin. "Kawu Odilon, rage murya mana. Masu sayen gidan ne, 'yan Paris. Wai bangon kamar ba a gama ba. Filin kuma wurin ninƙaya za su haƙa."

"Masu saye? Ubanka na numfashi a bayan bangon nan!"

"Gobe za su zo dubawa. Ce masa sassaƙa nake yi. Mene ne a ciki?"

Odilon ya yi dillancin tumaki rabin rayuwarsa, ƙarya ba baƙuwarsa ba ce. Amma a bakin ƙofa sai da ya ɗan tsaya.

"To?" in ji Firmin.

"Sassaƙa yake yi. Dutsen harsashi."

"Da inji? Ragon banza." Firmin ya yi dariya har ta zama tari. "Ba komai, ya dai fara."

Injin ya sake tashi. Gadon a jingine yake da bangon nan. Firmin ya miƙa hannu ya shafa dutsen, yadda ake shafa wuyan doki, sai hannun ya tsaya cak. Ƙura na zubowa daga tsakanin duwatsu, tana sauka a kan bargo.

"Odilon. Dutsen da ke ƙasa ba ya girgiza bango."

Odilon ya sunkuyar da kai.

"Har da kai?"

Firmin ya juya fuska bango. Bai ƙara karɓar miya ba. Da Régis ya shigo da yamma, ya wanke hannu tas, yana "Baba, Baba," tsohon bai ko buɗe ido ba.

Washegari da hantsi ya cika, hannunsa na jikin bango. Odilon ne ya rufe masa ido. Régis yana bakin titi, yana nuna wa wata farar mota inda za ta tsaya.

Odilon ya zagaya baya ya rufe tagogin katako. Bangon ya miƙe sumul, sai fararen tabo a jere har sama. Kurciyar da ta saba sauka a kan dutsen ƙoli ta zo, ta yi ta kaɗa fukafukai a gaban tabon, sannan ta wuce.