Kyautar Torgeir Ta Taga

Marin farko ya same ta a durƙushe gindin bishiyar Kirsimeti, tana jera kyaututtuka. Maiken ta faɗa kan kwalayen, ɗaya ya lotse a ƙarƙashin gwiwarta.

"Tambayarki nake yi," in ji mijinta Torgeir. Wani ƙunshi ne a hannunsa, yana karanta katin da ke jiki. "Wai ga Ingvild, daga Sindre. Uban wa ne Sindre da zai yi wa 'yata kyauta?"

"Ka san shi mana. Mai girki ne a gidan tsofaffin da nake aiki. Duk 'ya'yan ma'aikata ya sassaƙa wa, ba ita kaɗai ba."

"Duk 'ya'yan ma'aikata! Ji bakinta. Ni kika mayar sakarai, ko?"

Ya yage takardar. Dokin katako ne ɗan ƙarami, an shafa masa jan fenti. Tun da safe Torgeir ke shan giya, don dusar ƙanƙara ta toshe hanya kwana biyu, babu fita, babu abokai. Yanzu sha biyun rana ta wuce, haƙarƙarin rago na turara a kicin, iska na dukan tagogi kamar za ta ɓalle su.

Maiken ta yunƙura za ta miƙe, ya damƙi gashinta ya buga fuskarta da gefen tebur. Ta ji hancinta ya yi ƙara, jini mai ɗumi ya cika mata baki. Ta kama reshen bishiyar don kada ta faɗi, bishiyar ta biyo ta, ƙwallayen gilashin da aka yi mata ado da su suka tarwatse a ƙasa. Jaririnsu Eilif ya tsala kuka a gadonsa. Torgeir ya bi kwalayen da tattaka ɗaya bayan ɗaya, yana haki.

"Ga Kirsimetin nan! Ga shi nan, ku ci!"

Ingvild, mai shekara huɗu, ta sauko daga bene da gudu. Ba wajen uwarta ta nufa ba, dokin ta hango.

"Baba, nawa ne? Ba ni!"

Ya make ta da bayan hannu. Yarinyar ta yi baya, ƙeyarta ta daki bango, ta zauna daɓas, bakinta a buɗe amma kukan ya ƙi fitowa.

Shekara biyar Maiken na shan duka a gidan nan. Yau ne ya fara taɓa yarinyar.

Torgeir ya fizge ƙofa, ƙanƙara ta feso cikin falo. Daga shi sai singileti da safa. Ya sauka matakala, ya nutsa har gwiwa, ya ja hannu baya don ya yi jifa da dokin can nesa, inda ba mai ganinsa sai bazara.

Maiken ba ta tsaya tunani ba. Ta rarrafa kan fasassun gilasai, ta tura ƙofar da kafaɗa, ta murɗa makulli, ta zura sakata. Ta ruga kicin ta kulle ta baya.

"Maiken! Wane irin hauka ne wannan? Buɗe!"

Ya daki ƙofar da ƙafa har sau uku. Sai ya ɗauko shebur ɗin kwasar ƙanƙara ya fasa ɗan gilashin da ke saman ƙofar, ya zuro hannu yana lalube. Maiken ta zaro ƙarfen tonon wuta daga gefen murhu. Ta ɗaga shi da hannu biyu, ta sauke a kan yatsunsa. Ihun da ya yi ya fi na iskar. Hannun ya koma waje.

"Kin karya ni! Sai na kashe ki, 'yar banza!"

Ta kira 'yan sanda, jini na ɗiga kan wayar. Matar da ta ɗauka ta ce suna nan tafe, amma dole su bi bayan motar share ƙanƙara daga hanya, sai ta yi haƙurin awa ɗaya ko fiye.

"Kada ki buɗe masa, kina jina? Akwai inda zai fake?"

"Rumbun itace a buɗe yake."

"To ya shiga can."

Ta ɗauki Eilif, ta shafa ƙeyar Ingvild, ta ji ƙululu ya taso amma babu jini. Suka hau bene. Can ƙasa zagin ya ragu, daga baya ya koma magiya.

"Maiken. Haba, matata. Ba na jin ƙafafuna. Giya ce, kin sani. Ki buɗe mu yi magana kamar mutane."

Ta leƙa ta taga. Yana tsaye ya rungume hannun a ƙirji, gashinsa ya yi fari fat da ƙanƙara, leɓɓansa sun fara yin shuɗi. Maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiyar kilomita biyu. Awa ɗaya a wannan sanyin, cikin singileti, ba zai kai ba.

Ta buɗe kabad ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin zannuwan gado. Rigar sanyi ce ta ulu mai kauri, da safa, wata uku tana saƙa masa su a ɓoye lokacin hutun aiki. Ta buɗe taga ta sako ƙunshin, ta bi shi da takalmansa da bargo.

"Rumbu," ta ce, ta rufe taga.

Ta zauna a saman matakala, jariri a kafaɗa, ƙarfen a kan cinya. Ingvild ta tsaya kan kujera, ta manna goshi da gilashi tana kallon waje.

"Mama, Baba ya buɗe kyautarsa tun ba a ci abinci ba."

"Ƙyale shi."

"Da haƙori yake yagewa." Ta ƙara leƙawa. "Ya sa. Mama, ta yi masa daidai."

Maiken ta goge hancinta da gefen riga, ta gyara riƙon ƙarfen.

"Sauko daga nan," ta ce. "Zo ki zauna kusa da ni."