Ranar da Maƙwabta Suka Kashe Wutar Barnaba

Barnaba mai gyaran lasifika ne, yana da ɗan shago a bakin hanyar da ta fita daga Daura zuwa Kongolam. Shi ne kuma shugaban matasa a wata ƙaramar majami'a da ke bayan gari, wadda katangarta ta haɗu da ta gidan Malam Mati, dillalin awaki. Masu zuwa sujada a nan ba su da yawa: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, iyalan 'yan sandan da aiki ya kawo, da wasu manoma 'yan asalin ƙauyukan Dutsi, irin iyayen Barnaba.

A daminar bara abokinsa Nu'uman ya rasu. Tare suka tashi, kuma Nu'uman ne mai kiɗan ganga a majami'a kafin ya faɗa shan ƙwaya ya daina zuwa. Wata rana da rana tsaka ya hau babur a buge, ya shiga ƙarƙashin motar hatsi. Barnaba yana cikin waɗanda suka ɗauko shi daga kan kwalta. Tun daga lokacin ya rage fara'a, in ya tsaya gaban matasa ranar Lahadi ya ga rabinsu suna danna waya, sai ransa ya ɓaci har ya kasa magana.

Ana nan sai ya ga wani bidiyo daga wata ƙasa. Wata majami'a ce ta mayar da gini guda gidan tsoro. Ana shigar da mutane ɗaki bayan ɗaki, su ga haɗari, su ga gawa, su ga wuta da shaiɗanu, a ƙarshe su fito suna kuka su tarar da masu yi musu addu'a. Barnaba ya yi ta maimaita kallonsa. Da aka zauna taron dattawa bayan sujada, ya nemi izini ya yi bayani.

"Fasto, iyayena, muna da ɗakunan makarantar Lahadi a baya, ba a amfani da su sai da safe," in ji shi. "Ɗaki na farko haɗarin babur. Na biyu kabari. Na uku wuta. Na ƙarshe kuma Fasto yana zaune da farin kaya, duk wanda ya fito ya tuba a gabansa. Yaran nan wa'azi ba ya shigarsu. Sai sun gani da ido."

Dattijo Mainasara, tsohon manomi wanda ya fi kowa daɗewa a ikkilisiyar, ya gyaɗa kai. "Yaron nan bai faɗi ƙarya ba. Yesu da bakinsa ya yi maganar wuta, ba mu muka ƙirƙira ba. Ni kaina tsoro ne ya fara kawo ni nan, ƙauna daga baya ta zo. Yanzu kowa yana jin kunyar ambatar hukunci."

Mama Keziya ce ta ɗaga hannu. Ita ce shugabar zumuntar mata, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, kuma ita ce mahaifiyar Nu'uman.

"Barnaba ɗana, wanda zai kwanta a ƙarƙashin babur ɗin nan, wa yake wakilta?"

Barnaba ya sunkuyar da kai. "Mama, ba kowa ba ne. Misali ne kawai."

"A garin nan akwai wanda zai ga babur da ganga a ɗaki ɗaya bai san wa ake nufi ba? To, daga can sai kabari, daga kabari sai wuta. Kana gaya wa mutane ka san inda ɗana yake ke nan?"

"Ban ce da ganga ba, Mama."

"Ba ka ce ba, amma ita ce a ranka." Ta juya wajen Fasto. "Na yi shekaru a asibiti. Na ga mutum ya rantse a kan gado ba zai ƙara shan giya ba, saboda ya ga mutuwa. Da ya warke, tsoron ya warke tare da shi. Idan muka firgita yara suka ɗaga hannu ranar Asabar, ranar Talata da me za mu riƙe su?"

Mainasara ya ce ko mutum ɗaya ne ya tsira ai an ci riba. Wata malamar makaranta ta ce ita ba za ta bari 'ya'yanta su shiga ba. Wani ɗan sanda ya ce shi a ganinsa wasan kwaikwayo ne kawai, kuma ana yin wasan kwaikwayo kowace Kirsimeti ba wanda ya taɓa cewa komai. Aka yi ta ja har rana ta take.

Fasto Istifanus mutum ne mai sanyin hali, ba ya son a tashi taro da ɓacin rai. Ya ce ba za a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba. Barnaba ya shirya gwaji ranar Asabar da yamma, dattawa kaɗai su shiga, a cire ɗakin babur, sannan a sake zama. Mama Keziya ta ce ba za ta shiga ba, amma za ta zo ta zauna a waje.

Barnaba ya ba aikin duk ƙarfinsa. Ya rufe shago, ya toshe tagogin ɗakunan da baƙin yadi, ya shafa wa ƙwayayen lantarki jan fenti. Kafinta ya ara masa akwatin gawa. Ya tara matasa a shagonsa suka yi ta ihu yana ɗauka, ya haɗa muryoyin da ƙarar sarƙa da rurin wuta. Don hayaƙi kuwa, ya zuba garwashi a kasko ya rufe da ɗanyen ganyen darbejiya. Shi da kansa ya ɗauki matsayin Shaiɗan: ya shafe fuska da baƙin tukunya, ya ɗaura ƙahonin rago a ka.

Ranar Asabar, dattawa suka jeru a ƙofar ɗakin kabari, Mainasara a gaba da sandarsa. Aka tayar da janareta, suka ratsa ta ciki suka shiga ɗakin wuta. Barnaba ya murɗa sauti har ƙarshe, don yana so abin ya shiga ƙashi. Muryoyin suka fashe: "Wayyo Allah! Wuta! Ku cece mu! Ku buɗe mana!" Hayaƙi ya cika ɗakin, ya nemi hanya ta ƙarƙashin kwano ya tashi sama.

Daidai lokacin mutanen unguwa suna fitowa daga sallar la'asar. Abin da suka gani hayaƙi ne a kan rufin majami'a, abin da suka ji kuma mutane ne suna kururuwa a buɗe musu. Ba wanda ya tsaya tambaya. Malam Mati ya zubar da takalmansa ya haye katanga, ya faɗo ta ciki a kan ƙafa ɗaya. Wasu suka biyo ta ƙofa da bokitai da jarkoki, wani da gatari. Mama Keziya ta miƙe daga bencinta tana ɗaga hannu tana cewa su tsaya, ƙarar lasifika ta shanye muryarta.

Suka doki ƙofar ɗakin wuta ta ɓalle. Bokitin farko ya sauka a kan kasko, na biyu a kan na'urar sauti, ta yi tartsatsi ta mutu. Na uku ya sami Barnaba a fuska. Da hayaƙi ya lafa, sai ga mutum tsaye da ƙahoni, baƙin tukunya yana gangarowa a wuyansa, ga dattawa sun manne a bango suna tari. Mai gatarin ya ja da baya yana salati.

Malam Mati, yana dafe da ƙofa, ya ƙura masa ido. "Barnaba? Kai ne? Ina waɗanda ke ƙonewa?"

Fasto ya fito da Malam Mati waje ya zaunar da shi, ya yi masa bayani da ƙyar, yana neman kalmomi. Wasu samari suka fara dariya, amma Malam Mati bai yi ba.

"Fasto, wallahi na ɗauka abin da muke ji a rediyo yana faruwa a wasu garuruwa ne ya iso unguwarmu. Ina kan katangar nan ina cewa, yau a gabana za a ƙona maƙwabtana? Matata Zubaida tana can ta buɗe ƙofar gida ta shimfiɗa tabarmi, wai a kawo mata mata da yara." Ya numfasa. "Addininku ne, ba zan sa baki ba. Amma don Allah in za ku sake, ku faɗa mana."

Mama Keziya ta durƙusa ta duba ƙafarsa. Idon sawun ya riga ya kumbura. Ta aika aka kawo mata ruwan sanyi da bandeji daga ofishin Fasto, ta ɗaure masa, aka tallafe shi zuwa gida. Barnaba yana tsaye a gefe, ya cire ƙahonin yana riƙe da su.

Washegari dattawa suka sake zama, zaman bai yi tsawo ba. Mainasara ya ce har yanzu yana kan ra'ayinsa, laifin sauti ne da ya yi yawa. Fasto ya ce shi abin da ya gani ya ishe shi: a wurin da mutane ke kwana da fargaba ta gaske, ba zai sa a ƙera musu ta wasa ba. Yawanci suka bi bayansa. Aka je gidan Malam Mati aka yi godiya, aka ba da haƙuri.

Barnaba bai je wannan zaman ba, bai je sujadar da ta biyo baya ba. A kasuwa yara suna ganinsa sai su ɗora yatsu a ka. Ya koma shago ya zauna, ba ya kula kowa.

Wata safiya Mama Keziya ta zo ta same shi. Ya ba ta kujera, shi ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika.

"Mama, kin zo ki ce kin faɗa mini."

"A'a. Na zo in gaya maka abin da ba ka sani ba game da abokinka." Ta gyara mayafinta. "Kana tsammani Nu'uman bai ji tsoron wuta ba? Ya ji fiye da kai. Yakan zauna a ɗakina yana kuka, yana cewa Allah ya riga ya gama da shi. Na ce ya zo sujada, ya ce da wace fuska, kowa zai kalle shi. Ba tsoro ya rasa ba, Barnaba. Wanda zai zauna kusa da shi ya rasa."

Barnaba ya rufe fuska da hannu. Ya daɗe yana kuka, ta bar shi. Da ya ɗago ya ce, "Amma Mama, wutar nan gaskiya ce. Ba zan iya yin kamar babu ita ba."

"Ni ma na gaskata da ita. Ban ce ka daina faɗa ba. Abokansa suna nan bayan tasha, a rumfar mai shayi. Ina so in je wurinsu, amma tsohuwa ita kaɗai guduwa za su yi. Ka raka ni."

Suka tafi da yammacin ranar. Samarin suka gane ta, suka ɓoye abin da ke hannunsu, suka gaishe ta a ɗarare. Ba ta yi wa'azi ba. Ta tambayi sunan kowa da na mahaifiyarsa, ta sha shayi, ta duba wa wani ciwon da ya ƙi warkewa a ƙafarsa. Barnaba ya zauna kamar an dasa shi, yana jin maganar hukunci tana cin bakinsa, ya haɗiye.

Suka ci gaba da zuwa duk mako. Wasu samarin suka daina zama a rumfar don kada su haɗu da su. Wani Musulmi a cikinsu, Yazid, ya roƙi Mama Keziya ta raka shi wurin mahaifinsa su shirya, ta raka shi. Cikin 'ya'yan majami'a, ɗaya ya fara leƙowa ranar Lahadi, yana zama a bencin ƙarshe yana fita kafin a tashi. Wani kuma aka kama shi da ƙwaya a kan iyaka, Barnaba ne ke kai masa abinci gidan yari.

Barnaba bai taɓa cewa ra'ayinsa na farko kuskure ne ba, kuma shi da Mama Keziya sukan yi gardamar a hanya in suna dawowa. Yakan ce wata rana sai ya gaya wa samarin nan gaskiya gaba da gaba. Takan ce ya faɗa mana, ai yanzu in ya yi magana za su tsaya su ji.