Faten Acca Ba Gishiri

Shekara goma sha tara Afiniki ta yi tana sayar da farfesu a Sabon Tasha, cikin Kaduna. Rumfarta na bakin titi, dab da inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja, kuma duk wanda ya san unguwar ya san tukunyarta: kan akuya da safe, kayan ciki da rana, ran Asabar kuma alade. Ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba. Ɗiga romo take yi a tafin hannu ta lasa, shi ke nan ta san abin da ya rage.

Ran wata Talata cikin watan Oktoba, tana tsaka da juya tukunya, sai ludayin ya suɓuce ya nutse cikin romo. Ta ce bari ta ciro shi, hannun hagun ya ƙi tashi. Ta buɗe baki za ta kira Clara, ƙanwar mijinta da suke sana'ar tare, sai ta ji wata irin murya ta fito wadda ba tata ba. Daga nan ba ta ƙara sanin inda take ba sai a gadon asibiti.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a can. Likita ya ce hawan jini ne ya kai ta ga shanyewar ɓarin jiki. Ya jero mata dokoki yana lanƙwasa yatsu: ba nama, ba gishiri, ba magi, mai kuma sai ɗan kaɗan. Celestine, mijinta, yana tsaye yana gyaɗa kai. Ita kuwa fankar da ke juyawa a sama take kallo.

Celestine direban motar kaya ne, yakan yi kwana huɗu bai ga gida ba. 'Yarsu ɗaya, Joanna, tana makaranta a Zariya. Don haka da aka sallame ta sai ya ɗauko ta, a farkon Nuwamba, ya kawo ta Fadan Kagoma wurin mahaifiyarta.

Mama Damaris ta haura saba'in, amma har yanzu ita ke noma bayan gidanta. Ta tarbi 'yarta a bakin ƙofa, ta dubi bakin da ya karkace, ta dubi hannun da ke reto kamar ba a jikin mutum yake ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kin zo a daidai. Jiya aka gama sussukar acca."

Ruwan sama ya ɗauke, sanyin safe ya fara shiga ƙashi. Lokacin ne gidan Mama ke cika da abin gona. Kabewa na jibge a gindin bango, manya da ƙanana. An shanya kuɓewa a kan kwanon rufi. Gauta ta nuna, yakuwa ta yi ja a bakin shinge, ga sabon wake, ga gwaza da dankali da aka tono suna shan iska a inuwa. A cikin waɗannan Mama ke zaɓo abin da za a ci, ba ta sayen komai sai ashana.

Da safe kunun gyaɗa da tsamiya. Da rana faten acca da yakuwa da gauta, an dama daddawa a ciki maimakon magi. Da yamma gwaza da wake, ko dafaffiyar kabewa da aka barbaɗa wa soyayyen riɗi. Mama takan ajiye kwanon a kan kujera 'yar tsugunno, ta saka wa Afiniki cokali a hannun dama, ta yi addu'a, ta koma gefe tana ɓarar gyaɗa.

Afiniki takan ci. Ta ɗebo, ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye. Wani lokaci abincin yakan zubo ta gefen bakin da ba ta ji, sai Mama ta goge mata da bakin zane. Ta san faten yana da zafi, ta san kabewar tana da laushi, iyakar abin da ta sani ke nan. Ta ɗauka rashin gishiri ne ya sa ba ta jin ɗanɗano. Ba ta yi ƙorafi ba, don ƙorafin ma sai da ƙarfi ake yinsa.

Yini take yi a kan tabarma tana bin rana. In inuwa ta cim mata sai ta ja jiki ta matsa gaba. Matan zumunta suka zo daga coci suka yi mata waƙa da addu'a, har wata ta fashe da kuka. Afiniki ta ce musu amin, ta gode. Suna fita ta koma kallon kaji.

A mako na uku ƙanenta Yafet ya dawo daga Kafanchan da wata takarda a aljihun jaket. Ya leƙa ya ga Mama ta tafi rijiya, sai ya tsugunna a gabanta ya warware takardar. Tsire ne, mai zafi, yaji ya ji shi.

"Sista, ci da sauri kafin tsohuwa ta dawo. Mutum zai tashi da ganye? Kullum acca, kullum kabewa, sai ka ce akuya."

"Dokta ya hana."

"Dokta bai gani. Guda biyu kawai."

Ta ɗauki yanka ɗaya ta sa a baki. Ta tauna a hankali, ta juya shi dama, ta juya shi hagu. Ta san yadda tsire yake, ta san inda ƙuliƙuli ke fara bugun harshe da inda barkono ke biyo baya. Ta jira. Kamar tana tauna tsumma mai ɗumi. Ta haɗiye, ta ƙara ɗaukar wani, ta dangwalo yaji sosai. Idonta ya kawo ruwa don zafin barkonon, amma ɗanɗano babu.

"Yaya? Ya yi?" in ji Yafet yana murmushi.

"Ka kai wa yaranka."

Ya nannaɗe takardar ya fita, ransa bai so ba. Afiniki ta zauna da hannunta a cinya. Ashe ba laifin faten Mama ba ne. Ta juya maganar a ranta kamar labarin wata mata da aka ba ta a mota. Ta jira ko baƙin ciki zai zo, bai zo ba. Da Mama ta dawo ta kawo dankali, ta cinye shi tas.

Ƙarshen watan Celestine ya zo. Ya kawo burodi da lemun kwalba, Mama ta karɓa ta miƙa wa matar Yafet. Ya zauna a kan benci yana murza hula.

"Maman Joanna, jikin da sauƙi?"

"Da sauƙi."

"Clara tana ƙoƙari. Amma kwastoma sun ce ba haka farfesun yake ba. Ta ce in tambaye ki me kike sakawa."

Afiniki ta faɗa masa: citta, kanumfari, masoro, kimba, ganyen ɗoɗɗoya a ƙarshe bayan an sauke. Ta jero su da murya ɗaya kamar mai kiran sunayen 'yan aji.

"Duk ta saka waɗannan," in ji shi. Sannan ya ce, "Gaskiya mutane sun ragu. Clara ma ta samu wani aiki. Mai wurin ya ce akwai wanda ke son rumfar. Na ce sai na ji daga bakinki."

"A ba shi."

Ya ɗago ya dube ta. Da alama ya zo da shirin lallashi, ya tanadi maganganu tun daga Kaduna. "Shi ke nan? Tukwanen fa?"

"Clara ta ɗauka."

Ya kwana ɗaya ya koma.

Duk ran Alhamis Mero takan zo gidan. Bahaushiya ce 'yar Kafanchan, kakanninta ma a kasuwar garin suka yi sana'a, ita kuma kayan miya take sari a ƙauyuka. Shekara talatin ke nan tana sayen kabewa da busasshiyar kuɓewa a hannun Mama. Mace ce mai ƙiba da babbar murya, ba ta iya rage magana ba. Zuwanta na farko ta yi wa Afiniki sannu. Na biyu ma haka. A na uku sai ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu.

"Maman Joanna, wannan hannun na dama shi ma ya mutu ne?"

"A'a."

"To me yake jira? Tsohuwa na ta fama ita kaɗai, ke kin zauna kina gadin kaji."

Mama ta ce, "Mero, ki bar ta."

"Ba zan bar ta ba, Mama. Yayana ya yi irin wannan ciwon, aka yi ta lallaɓa shi har ya manne da katifa." Ta jawo tiren wake ta ɗora wa Afiniki a cinya. "Danne kwanson da wancan hannun, ko ba ya ji ai yana da nauyi. Ki ɓare da wannan."

Afiniki ba ta ji haushi ba, ba ta kuma ji kunya ba. An ba ta aiki, sai ta yi. Ta ɗauko hannun hagu da na dama ta aza shi a kan kwanson wake, ta fara ɓarewa. Rabi na zubewa ƙasa, kaji na tsincewa. Kafin Mero ta gama ɗaure kayanta ta tara abin da zai cika gwangwanin madara. Washegari ba wanda ya ce mata komai, da kanta ta jawo tiren. Daga wake ta koma tsinke yakuwa, daga nan tsince tsakuwa a acca, wanda shi ne aikin da ya fi cin rai a gidan. Ita bai ci mata rai ba. Takan yi awa uku a kai ba ta ɗago ba.

Cikin mako na biyu na Disamba sanyi ya kwantar da Mama. Tari da zazzaɓi, ko tashi zaune da ƙyar. Yafet da matarsa sun tafi haƙar citta tun da sassafe, ba za su dawo ba sai yamma. Rana ta take, ba a ɗora komai ba. Afiniki ta ji tarin tsohuwar daga ɗaki, ta dubi murhu. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta dafa sanda ta tashi.

Hura wutar ya fi komai wuya. Ta danne kwalin ashana da gwiwa ta ƙyasta, sai a karo na biyar ta kama. Ta ɗora ruwa rabin tukunya don ba za ta iya ɗaga cikakkiya ba. Ta soke kabewa a kan ƙusar da ke jikin turmi don kada ta gudu, ta yanyanka ta ba kyan gani. Gauta kuwa da muciya ta farfasa ta. Ta zuba wake ya yi laushi, ta zuba kabewar, ta marmasa daddawa, sannan ta riƙa barbaɗa acca tana juyawa. Hannunta ya kai ga inda gwangwanin gishiri yake zama a rumfarta, ya tarar da bango. Ta mayar da shi kan muciya.

Ba ta ɗanɗana ba, ba amfani. Ta saurari yadda faten ke tafasa, da ya fara yin ƙara mai nauyi ta janye itace ɗaya. Ta dubi launin yakuwar, tana fara dusashewa ta sauke.

Mama ta tashi zaune da taimakon bango. Ta ci cokali ɗaya, ta ci na biyu, ta dakata.

"Wa ya dafa?"

"Ni."

Tsohuwar ta ƙara ci. "Yakuwar ta yi yawa. Amma accar ta dahu daidai, ba ta dunƙule ba. Tawa kullum sai ta dunƙule." Ta cinye rabin kwano ta koma ta kwanta.

Afiniki ta fito da nata kwanon ta zauna a rana. A cokali na huɗu ko na biyar ta ji wani abu can gefen harshe ta dama, siriri, kamar an ja zare. Tsami ne. Ta tsaya da tauna. Ta ƙara ɗebo wani, ta ji shi kuma, sannan ya ɓace. Ba ta kira kowa ba. Ta gama cin abincinta ta wanke kwanon da hannu ɗaya.

Tun daga ranar girkin rana ya koma hannunta, ko da Mama ta warke. Tsami ya dawo mata sosai kafin Kirsimeti, ɗacin gauta ya biyo baya. Zaƙi da gishiri ba su dawo ba. Ta gaya wa Mama wata rana suna tsince acca, Mama ta ce, "Mu gode wa Ubangiji da wanda ya dawo," suka ci gaba da aikinsu.

Ran Kirsimeti Yafet ya yanka alade, gida ya cika da baƙi da hayaƙi. Joanna ta zo daga Zariya, ta rungume uwarta tana kuka, Afiniki ta bubbuga mata baya har ta yi shiru. Celestine ma ya zo. Aka zuba wa kowa shinkafa da nama, ita ta zauna a cikinsu da kwanon gwaza da miyar karkashi.

Da yamma, baƙi sun ragu, Celestine ya matso da bencinsa.

"Maman Joanna, in na tashi komawa jibi, za mu tafi tare?"

Ta yi ɗan tunani. "Ba yanzu ba. Ba a gama sussukar wake ba, kuma ƙirjin Mama bai gama washewa ba."

"Sai yaushe?"

"Ka zo a Fabrairu mu gani."

Ya ce to. Joanna ta ce ita za ta zauna har hutu ya ƙare. Washegari da safe Afiniki ta nuna mata inda ake ajiye tsamiya, ta ce ta jiƙa kaɗan, kakarta ba ta son kunu da kauri.