Jiran Almakashi

Ranar da Malama ta haɗa ƙwayoyin, kore ne shar a gindin kwalba. Kowace ƙwaya dunƙulen ƙarfe ce da iskar kabon monoksaid ta maƙale wa. Abin da digirinta na uku ke jira ɗaya ne: ta haska su da na'ura, ta ga yadda haɗin ke karkarwa, ta san ko iskar ƙarfe ɗaya ta riƙe ko ta yi gada tsakanin biyu. Matsalar ita ce ba sa daɗewa, iskar ɗaki ma kashe su take yi.

Na'urar kuwa tana nan sabuwa fil, an ɗaure ƙofarta da jan ƙyalle.

"Farfesa, minti kaɗan nake roƙo. Sun fara canja launi."

"Haba 'yata," in ji shugaban sashen, yana sosa ƙeya. "Babban baƙo ya zo ya tarar an riga shi? So kike a ci mutuncina?"

Aka ɗage zuwan baƙo, aka sake ɗagewa. Sinadarin da za ta haɗa wasu da shi ya ƙare, wa'adin karatunta ma ya zo wuya. Kullum ta duba kwalbar sai ranta ya ɓaci, har ta daina dubawa.

Da ranar ta zo, aka share ɗakin na'urar tas, aka ba kowa farar riga, har masinja. Baƙo ya yanke ƙyalle, aka yi tafi.

"Malama, zo ki nuna wa mai girma aikinki."

Ta zuba wa na'urar abin da ya rage, gari mai launin tsatsa. Inda ya kamata layi ya yi tsini, sai ya miƙe sambal a allon. Babu sauran abin da ke riƙe da wani.

"Me ya ce?" baƙo ya tambaya, yana leƙe ta saman tabarau.

Ta buɗe baki, Farfesa ya riga ta. "Komai lafiya lau, ranka ya daɗe. Ka ga ko gargada babu."

"Madalla! Aiki ke nan."

Aka buga takardar sakamakon, baƙo ya sa mata hannu, aka ce za a rataye ta a bango. Malama ta tsaya riƙe da kwalbar.

Mai hoto ya ɗago kai. "Baiwar Allah, ɗan matsa gefe, kin kare na'urar."