Ruwan Baƙo

A tsibirinmu ba rafi, ba rijiyar kirki. Gishiri muke kwasa, ruwan sama muke sha. Kowane gida da ɗan tankinsa, sai babban tankin gari a bayan coci, wanda ke riƙe da mu idan rani ya yi tsawo. To, shi ne ya tsage shekara huɗu da suka wuce, teku ya riƙa tsattsafowa ta ƙasa. A ido garau, a baki kamar ka lashi busasshen kifi.

Duk shekara ofishin mulkin mallaka na ƙetaren teku kan turo mutum ya duba mu. Mu kuwa baƙo ba ya zama sai an miƙa masa ruwa, kuma ruwan baƙo daban yake: 'yar randa a kusurwar ɗaki, ruwan tsakiyar damina, an tace shi da farin ƙyalle. Ko yaro na kukan ƙishi ba a taɓawa. Sau uku mai dubawar nan yana zuwa, muna yi masa kukan tanki, muna cika masa ciki da ruwan baƙo. Sai da Malam Aubrey, malamin makarantarmu, ya samo rahoton ya karanta mana, muka ji abin da aka rubuta: wai ruwan tsibirin nan ya fi na garinsu daɗi. Kai jama'a, da hannunmu muka cuci kanmu!

'Yata Merlina ce ta fara gajiya. Yaranta biyu kullum ciwon ciki. Ta jawo akwatinta ta ajiye a bakin ƙofa.

"Mama, ba zan binne ɗa saboda tanki ba," in ji ta. "Babban tsibiri zan koma."

Ita kaɗai ta rage mini. Na roƙe ta ta jira, don an ce bana ba mai dubawa zai zo ba, kwamitin 'yan majalisa ne da kansu, masu binciken yadda ake mulkinmu. Kuma gidana za a sauke su, tunda ni ce ungozomar gari.

Da na gaya wa yayata Ottilie abin da na ƙudura, tsintsiyar da ke hannunta ta faɗi.

"Ke Eulalie, kanki ɗaya kuwa? Ruwan tanki ga baƙo? Da Mama na raye ba ki isa ba."

"Yaya, Mama ba ta sha gishiri ba."

"Za a ce gidanmu ba tarbiyya."

"A ce mana. Tarbiyyar ce ta kai mu nan."

Ta yi tsaki ta fita, har da buga ƙofa.

Ranar, mai dubawar nan, wato Kwamishina, shi ya rako su, ya shigo gaba cikin farin wandonsa, 'yan majalisa uku a baya, maza biyu da wata doguwar mace mai furfura, Misis Hathersage. Na fito da kofunan gilashin aurena. Na cika su da ruwan tanki. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kwamishina ya san ruwan gidana. Ya ɗaga kofi yana cewa, "Ku ɗanɗana ku ji, ranku ya daɗe," ya kurɓa babba. Sai ga shi ya feso a kan farin wandon nan. Mazan biyu suka ajiye nasu a hankali. Matar kuwa ta kurɓa, ta dube ni, sannan ta shanye shi tas. Na ga maƙogwaronta na kokawa da shi.

"Baiwar Allah, wannan kuke sha?"

"Shi muke sha, ranki ya daɗe. Shekara huɗu."

"An rubuta mana cewa ruwanku lafiya lau."

Na shiga ɗaki na ɗauko randar baƙo, na gaya mata gaskiya, har laifinmu ban ɓoye ba. Ina magana ina hawaye, haushi da kunya sun haɗu. Ta juya ga Kwamishina ta tambaye shi ko a shekara huɗun nan an taɓa zuwa bakin tankin an leƙa. Ya tsaya goge wando. Ta ce a ba ta kwalba, ta je bayan coci da ƙafarta ta cika.

Merlina ta ce jirgin wasiƙa uku za ta jira, ba ƙari. Na farko ya zo wayam. Na biyu ya kawo jarida kawai, Malam Aubrey ya karanta mana a gindin bishiya: ministan yankunan ƙetare ya miƙe a majalisa yana karanta tsohon rahoton nan, matar ta dire masa kwalba a gaba, ta ce bismillah, ya sha. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Merlina ba ta yi ba. Ta ce jarida ba ta toshe tsaga.

Ranar jirgi na uku ta sa aka kai akwatinta bakin gaɓa. Ina tsaye kusa da ita. Aka sauke buhun wasiƙa, aka sauke garin masara, sannan aka fara sauke wasu buhuna masu toka-toka, da wani gajeren magini yana ihu kada a jiƙa masa kaya. Siminti ne!

Murnar ba ta daɗe ba. Maginin ya leƙa tanki, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Haba iyaye, ba a kwaɓa siminti da ruwan gishiri. Ruwan daɗi nake so."

Tsakiyar rani ne, tankunan gidaje sun ƙafe. Muka yi cirko-cirko. Can sai ga Yaya Ottilie, wadda wata biyu ba ta gaishe ni ba, tana tahowa da randar baƙonta a ka. Ta sauke a gaban magini, ta harare ni.

"Me kike kallo? Ai shi ma baƙo ne."

Kafin rana ta yi tsaka randuna talatin da shida sun jeru a bayan coci. Na waiga neman Merlina ban gan ta ba. Sai ga ta tafe daga gida, randata a kanta, yaran na biye.

"Mama," in ji ta, "ki sa a dawo da akwatin nan, rana na dukan sa."