Sunan Bai Amsa Ba

"Inna, sunan bai amsa ba."

Ina tsugune gaban murhu ina dama kunu kiran ya shigo. Ko sallama Hindatu ba ta yi ba, ita da in ta kira sai ta tambayi lafiyar awakina ɗaya bayan ɗaya.

"Wane suna kuma da sassafen nan?" na ce, alhali na sani sarai.

"Na gidan Baba. Tun ɗazu nake gwadawa, shiru. Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka. Don Allah ki leƙa mini shi."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Malam Hambali a nan Magariya. Tsohon mai yi wa shanu allura ne, Bafulatani mai taurin kai, ni kuwa Babarbariya, don haka tun ranar da na tare a unguwar ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Hindatu ce kaɗai ɗiyarsa, aikin ordinata, wato kwamfuta, take yi a Yamai. Da uwarta ta rasu ta yi ta fama da shi ya koma wurinta, ya ce shi ba buhun hatsi ba ne da za a ɗaura a kan mota. Da ta gaji, sai ta zo da wata ƴar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, ta zuba mata hotunan gidansu, ta haɗa ta da akwatin rezo, wato na intanet, mai ƙahoni biyu wanda take kira rutar. Ta maƙala kamera ƙarƙashin rumfa tana kallon tsakar gida har bakin zaure. Ta sha wuya kafin ta sami layin da ke barin mutum ya shigo daga waje, sannan ta buɗe wa kanta ƙofa ɗaya a cikin akwatin.

Saura matsala ɗaya. Duk sa'ad da aka kashe akwatin aka sake kunna shi, sabuwar lamba ake ba shi, wanda ke nesa kuma ba shi da hanyar sanin ta. Shi ya sa ta yi wa gidan suna a intanet, suna da ba ya canzawa. In na'urar ta farka, ita ke aika wa masu riƙe da sunan sabuwar lambar. Ni dai ban gane komai ba sai da Malam Hambali ya fassara mini.

"Ina Babarbariya za ta gane? Kamar makiyayi ne. Yau yana Yekuwa, gobe yana Dogo-Dogo. In ya sauka sai ya aika wa dillalinsa a kasuwa, na sauka wuri kaza. Mai nemansa dillali zai tambaya."

"Ashe yawon banzan Fulani yana da rana," na ce.

Batirin hasken ranarsa ya tsufa, don haka bayan isha'i yake kashe akwatin. Da gari ya waye sai ya kunna, ya fito ya tsaya gindin darbejiya, ya ɗaga wa kamera hularsa. Wannan ce ina kwanansu. Ko lokacin da zazzaɓin damina ya kwantar da shi, da rarrafe ya kunna.

Na bar kunun a kan wuta na fita ko takalmi babu. Ƙofar zaure a sakace take ta ciki. Na buga, na buga.

"Ɗan Fillo! Barcin asara kake? Rana ta fito!"

Tunkiyarsa ce kaɗai ta amsa, kukan dabbar da ba a ba ruwa ba. Na koma da gudu na taso maigidana, Malam Ari, ya zo da gatari ya ɓalle sakatar. Na tsaya a tsakar gida, na kasa matsawa. Ga buta a bakin ɗaki, ga takalmansa a jere, ga labule iska na kaɗa shi. Malam Ari ya shiga, ya daɗe. Da ya fito hular mutumin ce a hannunsa, ya rasa inda zai sa ta, ya kife ta a kan turmi.

"A kan buzun sallarsa yake," ya ce. "Carbi na hannunsa. Har ya yi sanyi."

Na yi salati. A daidai nan wayar ta fara ruri a cikin zanena, ban ɗauka ba. Ta tsinke ta sake shigowa, ina jin ta a jikin cinyata kamar kunama.

Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba, Allah ya gafarta mini. Hindatu ce. Shekarar da uwarta ta rasu, wani mai dogon baki ne ya kwatsa mata labarin a waya tana tsaye a bakin titi. Ta yanke jiki ta faɗi, cikin da take ɗauke da shi ya zube, da ƙyar aka ceto ta. Sai bana Allah ya sake ba ta wani. Cikin ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, likita na ta yi mata kashedi da tansiyo, wato hawan jini, mijinta kuma an tura shi aiki Difa. Ita kaɗai ce a gidan haya.

Kafin hantsi gida ya cika. Issoufou, ƙanen mamacin, ya iso daga Waca a kan babur, ya tara mu a zaure.

"Kada wanda ya faɗa wa yarinyar nan. A ce zazzaɓi ne, yana barci. In mijinta ya koma gida, shi za a faɗa wa. Wancan akwatin kuma kada a taɓa shi."

Ba wanda ya musa. Haka muka taso muka tarar, ba a jefa wa na nesa mutuwa a kunne. Amma wayar a jikina take, ba a jikin Issoufou ba. Da ta sake ruri na laɓe bayan rumbu na ɗauka.

"Zazzaɓi ne, ɗiyata. Ya sha magani, barci yake."

"Alhamdu lillahi. To kunna mini akwatin in ga gidan."

"Batirin ya mutu."

"Da wannan ranar, Inna?"

A bayana mata na shigowa suna sallama ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa ta fashe da kuka aka yi saurin tsawata mata. Na rufe bakin wayar da hannu, amma aikin gama ya gama.

"Muryar Gwaggo ce wannan," in ji Hindatu. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi komai ba ni tsoro. "Gwaggo ba ta zuwa duba mai zazzaɓi. Inna Ɗela, lokacin Mama ban ga fitarta ba. Ko yanzu na shiga mota, sai gobe zan iso. Kada ki bari a fita da shi ban gani ba."

In na kunna ta gani ta faɗi, ni na kashe jikan Malam Hambali, wataƙila har da ɗiyarsa. In na ƙi, da wane ido zan dube ta?

"Wa ke kusa da ke?"

"Ba kowa."

"To wallahi ba zan taɓa akwatin nan ba sai na ji muryar mace a gefenki. Tashi a hankali, ki dafa bango, ki kira maƙwabciyarki."

Na ji ƙarar ƙofa, na ji jan takalmi, na ji tana buga wata ƙofar. Ba a buɗe da wuri ba. A nan kuwa an gama wanka, an kawo likkafani daga wurin tela, na ga an shigo da makara ta zaure an jingina ta da bango. Can wata murya ta ce, "Nafissa ce, Inna."

"Nafissa, ban san ki ba, amma yau ke ce uwarta. Zaunar da ita a ƙasa, ba a kan kujera ba. Ki zauna bayanta ki riƙe ta. Ki aika a samo taksi ya tsaya a ƙofar gida."

Na ratsa mata na shiga ƙaramin ɗakin da akwatin yake. Yana kan tebur, an lulluɓe shi da tsohon rawani saboda ƙura. Na danna inda na sha ganin yana dannawa. Ƴar wuta ja ta kama, ta daɗe tana ja, sannan ta koma kore tana ƙifce-ƙifce.

"Na kunna."

"Bai amsa ba. Lambar jiya yake nunawa. Sai na'urar ta gama tashi ta aika sabuwar."

"Yaushe ke nan?"

"Wani lokaci nan da nan, wani lokaci ta ɗan jima."

Ta taga na ga maza sun fito da shi daga ɗaki, fari tas, sun shimfiɗa shi a makara sun rufa tabarma. Na fito da gudu, na manta da kunya, na kama hannun rigar Issoufou a gaban mutane.

"Ku ɗan dakata, don girman Allah. Yarinyar tana son ta gani."

Ya dubi wayar da ke kunnena, ya dubi ɗakin akwatin, idanunsa suka yi ja.

"Ɗela, me kika yi? In wani abu ya same ta, ke da Allah." Ya janye rigarsa. "Ba a tsayar da gawa. Liman na waje, rana na yi."

Malam Ari ya yi ta gyaran tabarmar da ba ta buƙatar gyara, ya sake ɗaure igiyar da ke ɗaure, na san don ni yake yi. Amma jinkirin mutum ɗaya ba ya zuwa ko'ina. Suka ce bismillahi suka ɗaga.

"Hindatu?"

"Bai amsa ba, Inna. Bai amsa ba."

Suka wuce gindin darbejiya. Suka sunkuyar da makarar saboda ƙofar zaure gajera ce. Na ga bayan mutum na ƙarshe, sannan ƙofar da muka ɓalle da safe ta koma ta tsaya a karkace.

"Ya amsa," ta ce.

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na danna wayar a kunne har ya yi zafi, ina jiran ƙarar faɗuwa, ina jiran ihun Nafissa. Matan gidan duk sun zuba mini ido. Ban san iya lokacin da na ɗauka a tsaye ba.

"Tana zaune, Inna," in ji Nafissa a hankali. "Ina riƙe da ita. Kallo take."

Sai muryar Hindatu ta dawo, siririya.

"Hularsa ce can a kan turmi?"

"Ita ce."

"Ɗaga mini ita."

Na ɗauko ta. Tsohuwar hula ce, gefenta ya yi baƙi da gumi. Na je gindin darbejiya inda ƙafafunsa suka daɗe da daddaɓe ƙasar, na juya wajen rumfa, na ɗaga ta sama. Daga waje na ji liman ya yi kabbarar farko. A cikin wayar numfashi ne kawai, yana shiga yana fita. Hannuna ya gaji, ban sauke ba.