Tuƙi a Kan Siminti

"Ƙafa tukuna, Baba. Ƙafa, sai baya, sannan hannu," in ji Christiana, tana tsaye a kansa da agogo a hannu.

Yusha'u ya tokare ƙafafunsa ya tura. 'Yar kujerar ta zame da shi baya a kan dogon ƙarfen, ya jawo sandar har ƙirjinsa, sarƙa ta yi ƙara, fankar da ke gaban injin ta huro masa iska a fuska. Ya koma gaba, ya sake turawa. Gumi ya riga ya jiƙa masa singileti sharkaf, lambobin da ke ɗan allon gabansa kuwa suna ta hawa a hankali kamar masu jin nauyin jiki.

Shekara talatin da takwas ya yi yana fito tsakanin Yelwa da ƙauyukan ƙetaren ruwa. Sai ga shi yau yarinyar da ba ta taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba ita ce ke koya masa tuƙi, a cikin ɗakin gashin ƙashi na asibiti, a kan siminti. Abin dariya ne, sai dai Yusha'u ya daɗe da daina ganin abin dariya a cikinsa.

Wata biyar ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a bakin kwata, inda jirage ke lodi, bayan ya sauke fasinja. Da ya farka a gadon asibiti sai ya tarar bakinsa ya karkace, ɓarin hagunsa kuma kamar na aro. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, hannun ne ya tsaya yana yi masa yanga. Nan aka haɗa shi da Christiana da wannan injin motsa jiki mai kwaikwayon tuƙin jirgi da wata ƙungiyar agaji ta ajiye musu, wanda 'yan ƙwallon gari ke zuwa hawa idan gwiwa ta hana su gudu, da wasu ma'aikata masu tumbi da likita ya tsorata da maganar hawan jini.

Ranar farko ya ƙare wa injin kallo sama da ƙasa, ya ce, "Ɗiyata, wanga jirgi ina ruwa nai?"

Da ya hau kuwa sai jikinsa ya yi abin da ya sani: ya karkata dama, ya kai sandar gefe zai haƙa ruwan da babu, saura ƙiris ya kife ƙasa. 'Yan ƙwallon da ke jiran layi suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne da baya ake tafiya. Wane irin matuƙi ne zai juya wa inda za shi baya? Amma ya haɗiye, ya koya. Ya koyi cewa a nan ƙafa ce ke aiki, hannu ɗan rakiya ne. Makonnin farko sai da Christiana ta riƙa ɗaure masa hannun hagu a jikin sandar da ƙyalle, daga baya aka daina.

"Saura mita ɗari biyu, Baba. Kada ka tsaya."

Ina zai tsaya? Ƙungiyar masu jirgi ta riƙe masa layinsa na lodi wata biyar cur, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Shekaranjiya shugabansu, Jibrin, ya aiko masa da magana a fili, wa'adin da ya ba shi kuwa yau ne: gobe kasuwa ke ci, in yau kafin magariba bai kawo takardar likita cewa zai iya riƙe jirgi ba, za a ba Bilyaminu layin, wanda ya shekara uku yana jira. Layin kwata kuwa in ya fita hannun mutum ya fita ke nan. Jirginsa na nan an ja shi tudu awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsa, kuma jirgin da ba shi da layi da itacen girki duk ɗaya ne. Christiana ta ce in ya ja mita dubu biyu cikin minti goma sha biyu ba tare da hutawa ba, za ta rubuta, likita ya buga hatimi.

Ya ja. Ƙirjinsa na zafi, idanunsa na ganin duhu-duhu, ya ja har lambar ta cika.

"Sha ɗaya da daƙiƙa arba'in!" Christiana ta tafa hannu. "Baba, ka ga sandar ma a miƙe take zuwa yanzu, ba ta karkata ko kaɗan."

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata," ya ce yana haki.

Ta yi murna tsakaninta da Allah, shi ma ya yi. Ya naɗe takardar a leda ya sa a aljihun gaba, ya fito yana jin kansa kamar sabon ango. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi ya nufi kwata, amma da suka zo mararraba sai Yusha'u ya taɓa masa kafaɗa ya ce su bi ta ƙasa, wajen masunta. Wata biyar bai riƙe filafili, itacen tuƙa kwale-kwale, ba. Yana so ya gaisa da ruwa shi kaɗai tukuna, kafin ya yi a gaban jama'a.

A wani lungu da ciyawa ta rufe ya sami Elijah, abokinsa tun suna yara suna kamun ƙananan kifi da ƙwarya, zaune yana ɗinkin taru.

"Kai na, Yusha'u? Mi yak kawo ka nan da rana tsaka?"

"Ara mani kwale-kwalenka in ɗan taɓa ruwa."

Elijah ya dubi hannun hagun, ya ɗauke ido da sauri. "Iska na tasowa hwa."

"Ba nisa za ni ba."

Ya shiga ya zauna a baya, ya tura da filafili, kwale-kwalen ya sulale. Ƙamshin ruwa da laka ya buge shi, sai da ƙwalla ta taru masa. Ya sa hannun hagu a kan filafilin, dama a ƙasa, ya haƙa ta gefen dama. Ƙarfi kam akwai shi, injin Christiana bai yi ƙarya ba. Kwale-kwalen ya zabura gaba kamar an tsikare shi.

Sai dai duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san tuƙi ba ja kaɗai ba ne. A ƙarshen kowane ja akwai wata 'yar murɗa da hannun sama ke yi, wuyan hannu ya juya filafilin ya ɗan tura ruwa waje, ita ce ke miƙe hancin jirgi. Ba a koya wa mutum ita, ba a ma san ana yin ta ba. Yusha'u ya zo murɗawa, wuyan hannun ya ƙi. Ya aika masa saƙo, saƙon bai isa ba. Hancin kwale-kwalen ya karkata hagu.

Ya sake ja, ya ƙara karkata. Ya mayar da filafilin gefen hagu don ya gyara, to a nan hannun hagu ne a ƙasa, shi ke ɗaukar nauyin ruwan duka, babu dama kusa da zai taya shi kamar yadda suke yi a kan sandar injin. Yatsun suka buɗe da kansu. Da ƙyar ya cafe filafilin kafin ruwa ya tafi da shi.

Ya koma dama. Ya ja da ƙarfi, da haushi, da duk abin da ya tara a wata uku na hawan inji, kwale-kwalen kuwa ya yi ta kewaya wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ya ga bakin gaɓa, ya ga buɗaɗɗen ruwa, ya ga ciyawa, ya sake ganin bakin gaɓa da Elijah a tsaye, tarun ya faɗi a ƙafafunsa. Sau nawa ya kewaya, bai ƙirga ba. Daga ƙarshe ya ɗora filafilin a cinya ya bar iska ta tura shi cikin ciyawa.

A nan ya gane abin da ya faru, kuma ba laifin kowa ba ne. Injin a kafe yake a ƙasa. Ko da hannu ɗaya ka ja shi, ko da haƙori, ba zai karkata ba, lamba kawai zai ba ka. Christiana ta auna abin da ta iya aunawa.

Elijah ya shigo ruwa har ƙirji, ya kama hancin kwale-kwalen ya jawo shi gaɓa. Bai dubi fuskar abokinsa ba.

"Kwale-kwalen ga dama karkatacce na," ya ce. "Katakon bai yi ba. Ni ma wahala shi ka ba ni."

Yusha'u da kansa ya taya shi zaɓen katakon nan shekara huɗu da suka wuce, kuma babu kwale-kwalen da ya fi shi miƙewa a duk wannan gaɓa. Ya ji kunya ta rufe shi, ya kuma ji son mutumin nan har cikin ransa.

"In an tambaye ka, ba ka gan ni ba," ya ce.

"Ni tun sahe ban ga kowa ba."

Da ƙafa ya nufi kwata, yana jan ta hagun, yana ta ciniki da zuciyarsa. Ai jirginsa mai inji ne. Hannun dama ya isa riƙe inji. Bara gaba ɗaya sau huɗu kacal injin ya mutu masa a tsakiyar ruwa. Sau huɗu a shekara, me aka yi? Amma ya san abin da ake yi a waɗannan sau huɗun: mutum arba'in da buhuna a ciki, iska na turo igiyar ruwa, kututturan itatuwan da ruwa ya nutsar tun da aka gina dam suna jira a ƙasa, kuma filafili kaɗai ke riƙe hancin jirgi ya fuskanci igiyar har a samu injin ya tashi. In jirgi ya ba igiya gefe, an gama. Ya sha taya jawo gawa da taru, ya san yadda ake jera su a bakin gaɓa. Sai kuma ya tuna Bara'atu, matarsa, da wata biyar ke nan hayaƙin bandar kifi ne ke ciyar da gidan, har idanunta sun koma ja. Ya ce a ransa, sau huɗu ne fa.

Kwata na cike da masu kawo kayan gobe. Jibrin na zaune a rumfar kwano, rigunan ruwa masu hana nutsewa rataye a bayansa. Kafin Yusha'u ya ƙarasa sai wata mata ta sha gabansa da goyo a baya, wata 'yar kuma riƙe da zaninta. Larai ce mai albasa, wadda tun tana budurwa jirginsa take shiga.

"Baba Yusha'u, ashe ka miƙe. An ce gobe za ka dawo. Wallahi tun da ka kwanta ban shiga ruwa da kwanciyar rai ba. Gobe ni da ɗiyan ga jirginka za mu shiga, ni ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

"Allah shi kai mu," ya ce.

Ta wuce. 'Yar da ke riƙe da zanin ta waiwayo tana kallonsa, da ɗan yatsa a baki.

"Malam Yusha'u, bisimilla," in ji Jibrin, ya matsa masa a benci. "An samu takardar?"

Ledar na nan a aljihu, yana jin ta a kan ƙirjinsa. Ya zauna, ya ɗora hannun hagu a gwiwa, ya rufe shi da na dama.

"Likita ya ce da saura," ya ce.

"Saura kamar yaushe?"

"Bai hwaɗi ba."

Jibrin ya shafa gemu. "Ka san ba ni iya ƙara riƙe layin ga. Mutane sun hwara magana."

"Na sani, Ciyaman. Kun yi mani abin da ya hi ƙarhin godiya. A ba Bilyaminu, hannu nai na da kyau." Ya miƙe, sannan ya tsaya. "Ka ce mai ya kiyayi gabas da gungun ga, tsibirin da ke da tsamiya. Ruwa ya ja baya, kututturan sun kusa hitowa."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Bara'atu na tsugune gaban murhun banda tana juya kifi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan. Ta ɗago tana share ido da gefen zani.

"Malam, yaya? Sun ba ka?"

"Sun ba ni."

"To alhamdu lillahi. Ka kai ma Jibrin?"

Ya ɗauki muciyar da ke jingine da tukunya, ya riƙe ta yadda ake riƙe filafili, hagu a sama, ya ja ta a iska, ya zo murɗawa. Muciyar ta suɓuce ta faɗi a ƙasa. Bara'atu 'yar masunta ce, ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon muciyar, kifi na ƙonewa a bayanta ba ta juya ba.

"Litinin ki tashe ni da wuri," ya ce. "Za ni asibiti."

"Ba ka gama da su ba? Mi za ka yi can kuma?"

"Tuƙi." Ya zauna a kan turmi, ya jingina da bango. "Shi wancan jirgin ba kowa ciki sai ni."

Ta sunkuya ta ɗauki muciyar, ta ɗauraye ta, ta koma wajen kifinta.